Alwala a Bakin Busasshen Tafki

Talata, 4 ga Afrilu, bayan la'asar

Yaya Jum'an ya hau dutse yau da motarsa mai tari, ya kawo buhun shinkafa da busasshen kifi da magana. Shinkafar da kifin na karɓa da godiya. Maganar kuwa sai da ya tara mini shaidu kafin ya sauke ta: Malam Sulayyim limaminmu, da Gwaggo Hamisa ƙanwar Baba, wadda ko ba a kira ta ba za ta zo.

Ya ce, "Mabruka, tafkin Baba ya tsage, kin gani na gani. Babbar iska na tafe, in ta taso wata huɗu ba ɗigon ruwa. Me awaki za su sha? Me yaran nan za su sha? Ki tattara ku sauko wurinmu Kalansiya bakin teku, ɗaki na nan."

Na san ɗakin da yake nufi. Ƙofarsa na kallon teku.

Na ce zan gyara tafkin. Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Da ya ga ba wasa nake ba, sai ya ce to mu yi sharaɗi gaban Malam: in ruwan bazara ya cika tafkin har ya taɓa baƙin dutsen da Baba ya kafa alama kafin iska ta taso, na zauna. In bai taɓa ba, in sauka ba gardama, a sayar da awakin. Na ce na yarda. Gwaggo ta ce, "Yarinyar nan taurin kan ubanta ta ɗauko, sai dai ba ta ɗauko hannunsa ba." Haka ake ƙarfafa wa mutum gwiwa a gidanmu.

Alhamis, 6 ga Afrilu, da hantsi

Na sauka cikin tafkin na duba. Tsagar ta taso daga gindi har kusan baki, a wani wurin hannuna na shiga har gwiwa. Simintin da Yaya ya liƙa bara ya ɓamɓaro kamar ƙanzo, na cire shi da yatsu kawai. Baba da farar ƙasa ya gina, da farar ƙasa zan gyara.

Ungulu uku sun zauna a bakin tafkin suna kallona da fuskokinsu masu ruwan ɗorawa. Na ce musu su haƙura, ban mutu ba tukuna.

Na fara tara farin dutsen da ake ƙonawa a sami farar ƙasa, da busassun itatuwa. Ɗanye ba mai taɓawa a nan sai dattawa sun zauna a kai, ni kuma ba ni da lokacin zaman dattawa.

Asabar, 8 ga Afrilu, azahar

Zafi. Ko ganye bai motsa ba.

Litinin, 10 ga Afrilu, bayan magariba

Na ƙona dutsen. Tun asuba wuta ke ci a rami, ni kuma ina tsaye a kanta kamar wadda aka yi wa hukunci. Sama na gasa ni, ƙasa na gasa ni, rigata ta manne a jiki. Malam Sulayyim ya wuce zai je masallaci, ya tsaya daga nesa ya ce, "'Yata, wannan wutar taki ta fi huɗubata tuna wa mutum lahira." Na ce, "Allah gafarta Malam, to a ara mini mumbarin ranar Juma'a." Ya tafi yana girgiza kai, amma na ga kafaɗarsa na rawa.

Daga bakin ramin ana hango teku can ƙasa. Mata sun ce ya kwanta lumui, masunta na ta kwasar kifi ba iyaka. Ban duba ba.

Alhamis, 13 ga Afrilu, la'asar

Yau aka yi yaɓe. Na ce aka yi, domin ban gama kwaɓin farko ba Gwaggo Hamisa ta iso da sandarta, ta tsaya a kaina.

"Wannan kwaɓi ne ko kunu? Ke, matsa. Ubanki na can kabari yana jin kunya."

Ta sauka tafkin da baya-baya, tana zagin gwiwoyinta, ta karɓe aikin. Tsohuwar da ke cewa ba ta iya ɗaga butar shayi, ita ce ta wuni tana cusa farar ƙasa cikin tsaga tana gogewa da sulɓaɓɓen dutse har wurin ya yi sheƙi. Tafin hannuna ya sale, nata ko a jikinta.

Da muka gama na ce Alhamdulillahi. Ta ce, "Wa ya ce miki an gama? Yanzu aka fara. Farar ƙasa ba ta son ta bushe da gaggawa. Sai an yi ta jiƙa ta safe da rana da yamma har ta kama. In kika bar ta da wannan ranar, jibi za ta dare."

Na ce da wane ruwan? Ta ce wannan ba matsalarta ba ce, ita aikin hannu ta sani.

Idon ruwan kwari wuni guda ne zuwa da dawowa da jaki, jarka biyu yake ɗaukowa. A ciki za mu sha, ni da 'ya'yana mata biyu, a ciki za a yi girki, a ciki awaki za su lasa.

Asabar, 15 ga Afrilu, bayan azahar

Na juye rabin jarka a bango. Awaki na tsaye a bakin tafkin suna kallona suna kuka, kukan da har cikin ƙashina nake jinsa. Bangon ya shanye ruwan kafin in miƙe tsaye.

Labari ya zaga gari: Mabruka na shayar da dutse, awakinta na mutuwa da ƙishi. Wata ta tambaye ni ko dutsen ya fara ba da nono. Na ce in ya fara ita zan fara kai wa.

Na rufe yaɓen da tabarmin kaba da tsofaffin barguna. Da yamma kuma ina shanya zannuwa a kan duwatsu, raɓa ta sauka a kansu, da asuba in matse su a bango. Abin da ke fita bai cika kofin shayi biyu ba, amma ina matsewa.

Litinin, 17 ga Afrilu, da safe

Tsohuwar akuyata mai karyayyen ƙaho ba ta tashi ba yau. Malam ya zo ya yanka kafin ta tafi a banza. Ita ce wadda marigayi mijina Salmin ya sayo mini shekarar da aka kawo ni ɗakinsa.

Ban yi kuka ba.

Ranar dai, da la'asar

Na ɗaga tabarma na ga siraran tsagu kamar gashi sun fara fitowa a sama. Ban yi kuka ba. Na zauna a gindin tafkin na zagi farar ƙasa da rana da Yaya Jum'an da motarsa, ɗaya bayan ɗaya.

Laraba, 19 ga Afrilu, bayan azahar

Abin ya zo mini ne ba shiri. An kira salla ina cikin tafki, buta na hannuna, na ji ƙyashin hawa sama. Sai na tsuguna a bakin yaɓen na yi alwala a nan. Ina wanke hannu na ga ruwan na gangarawa kan bango, wurin ya yi duhu, ya sha. Na tsaya ina kallo kamar sokuwa. Sau biyar a rana kowane baligi a garin nan yana zubar da ruwa a ƙasa bayan gida, ƙasa na shanyewa ba godiya.

Na faɗa wa Gwaggo. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe akwai wani abu a cikin kan nan ban da duwatsu." Da la'asar ta zo da butarta. Da magariba ta zo da butarta da mata huɗu, tana kora su da sanda kamar tumaki.

Juma'a, 21 ga Afrilu, bayan sallar Juma'a

Yau zan rubuta da kyau, don in na tsufa in karanta in yi dariya.

Jiya maza suka kai ƙara wurin Malam Sulayyim, wai matansu na fita sau biyar suna taruwa a bakin rami, abinci na ƙonewa. Wani ma ya ce a duba ko ya halatta. Malam ya ce zai duba. Yau da aka kusa salla sai ga shi ya fito daga gida da farar rigarsa da butarsa, bai nufi masallaci ba, ya miƙe zuwa tafki. Ya naɗe hannun riga, ya tsuguna daidai kan tsagar, ya yi alwala a tsanake, kowace gaɓa sau uku. Ya miƙe ya dubi mazan da suka biyo shi suna raba ido.

"Na duba," in ji shi. "Ruwan alwala mai tsarki ne, bango kuma na jin ƙishi. Wa ke da saura?"

Wallahi sai ga maza sun yi layi! Har mai ƙarar, shi ne na uku, yana ta gyaran murya. Maza a gabas, mata a yamma, Gwaggo a tsakiya tana ba da umarni: "Kai, matsa hagu, nan ya jiƙe! Kai kuma wannan alwala ce ko shafa mai? Zuba!" Dattijon da ya girme ta take yi wa tsawa, yana cewa to, to.

Na tsaya a gefe zuciyata kamar ta fashe don daɗi. Bangon ya yi duhu daga sama har ƙasa, bai bushe ba har la'asar ta zo aka ƙara masa.

Litinin, 24 ga Afrilu, da yamma

Siraran tsagun sun rufe. Gwaggo ta ƙwanƙwasa da sanda ta kara kunne, ta ce, "Ba laifi." A bakinta wannan kirari ne.

Matar Yaya ta aiko da saƙo: an share ɗaki, an sa sabon labule. Ta ce in ban son ganin ruwa sai in riƙa sakin labulen. Tana nufin alheri, na sani. Amma kunne ba a yi masa labule, kuma can dare da rana ana jin teku yana shiga yana fita kamar ba abin da ya taɓa yi.

Bazarar da Salmin ya fita kamun kifi bai dawo ba ma haka ya kwanta lumui, kowa na yabonsa. Ba zan rubuta wannan ba.

Alhamis, 27 ga Afrilu, la'asar

Tun hantsi gajimare ke taruwa a kan tsaunin Hajhir, fari a sama baƙi a ƙasa. Iska ta yi nauyi, numfashi da ƙyar, tururuwa na kwashe ƙwayayensu zuwa tudu. Yara suka fita suna tsalle. Na cire tabarmi da barguna na share tafkin tas.

Hadarin ya taso, ya zo daidai kanmu, ya yi mana inuwa, ya wuce. Can a kan teku ya sauke kayansa. Muna tsaye muna kallon ruwa na zuba cikin ruwa. Yau na duba, kuma na faɗa masa abin da ke raina da ƙarfi, har Gwaggo ta ce in yi istigfari. Na yi, amma ban janye ba.

Asabar, 29 ga Afrilu, azahar

Gajimare ya zo, ya tafi.

Lahadi, 30 ga Afrilu, azahar

Haka dai.

Talata, 2 ga Mayu, bayan magariba

Da rana wata 'yar iska ta busa daga kudu, ta ɗaga gefen tabarma ta ajiye. Kowa ya gani. Haka take fara leƙowa.

Yaya ma ya ji ta a can ƙasa, don kafin la'asar motarsa ta iso, bayanta wayam, an share an shimfiɗa igiyoyi. Ya leƙa tafkin ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Aiki ya yi kyau, ƙanwata. Saura abin da ba a yaɓawa da hannu." Zai kwana biyu, in ji shi. Na dafa masa shinkafa da man shanu, na cika gishiri da gangan.

Laraba, 3 ga Mayu, da la'asar

Dole in rubuta wannan.

Bayan azahar aka yi tsawa ɗaya, ruwa ya sauko. Manyan ɗigo, masu ɗumi, ƙamshin ƙasa ya tashi. Kowa ya ruga tafki. Ruwan ya fara gangarowa daga kan falalen dutse ta magudanar da Baba ya sassaƙa, ja wur, da kashin awaki da ƙura da gashi da duk ƙazantar da rani ya tara. Na ɗauko faffaɗan dutsen da ake toshe bakin tafki da shi, na toshe. Ruwan ya kauce ya bi gefe zuwa kwari.

Yaya ya yi kaina. "Mabruka! Kin haukace? Buɗe!"

Na ce, "Ruwan farko ba ya shiga tafki, Yaya, ka sani. Sai ya wanke dutse tukuna."

"Wannan a shekarar da ruwa ya wadata ne! Wa ya ce miki akwai na biyu? Ni da kaina nake ce miki ki buɗe, ni da za ki ci a sharaɗi!"

Na ce in wannan ya shiga, kafin tsakiyar iska zai yi kore ya yi wari, awaki su sha su yi ta zawo, 'ya'yana ma haka. In ci sharaɗi da ruɓaɓɓen ruwa, sannan in sauka Kalansiya da gawar awaki? Ya sunkuya zai ɗaga dutsen, na hau kai na zauna. Mace mai 'ya'ya biyu, zaune daram a kan dutse cikin ruwan sama, yayanta na zagaye ta yana ihu. Ya juya wurin Gwaggo ya ce ta yi mini magana. Gwaggo ta ce, "Ni na ga ubanku ya yi abin da take yi. Sai dai shi bai zauna a kai ba, don ba shi da wa mai surutu."

Ina kallon ruwan yana washewa, daga ja zuwa ruwan ƙasa, daga nan ya fara haske. Na ce saura kaɗan, saura kaɗan. Na miƙe na kama dutsen zan ɗaga.

Sai ruwan ya ɗauke.

Kamar an rufe famfo. Rana ta fito. Tafkin na nan fari tas, ɗan abin da ya faɗa ciki daga sama bai rufe tafin ƙafa ba. Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zaga da ya fi mini sauƙi. Mutanen da suka yi mako biyu suna tsugunawa a bakin ramin nan suka juya ɗaya bayan ɗaya suka tafi gida.

Alhamis, 4 ga Mayu, bayan asuba

Sama fes, ko tsumman gajimare babu.

Ranar dai, da la'asar

Na fara ɗaure kaya. Yaya ne ya riƙe mini bakin buhu. Na ɗauko tarun Salmin daga inda yake rataye, na rasa buhun da zan sa shi, na mayar.

Na yi kuka.

Juma'a, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Allahu Akbar. Allahu Akbar!

Maza na masallaci, ni ina ɗaure tukwane, sai gari ya yi duhu kamar magariba. Ban ko ɗaga kai ba, na gaji da yaudarar hadari. Sai na ji rufin ɗaki ya ɗauki ƙara. Na fita da gudu ba mayafi ba takalmi.

Wannan ba irin na shekaranjiya ba ne. Wannan sama ce ta ɓalle gaba ɗaya, ba ka ganin mutum a gabanka. Na isa magudana na ga ruwa na sauka daga falalen dutse garau, kamar hawaye, don ba sauran abin da zai wanke. Na sa hannu zan ɗaga dutsen toshiya, ya ƙi, laka ta riƙe shi. Sai ga wasu hannuwa a gefen nawa. Yaya ne, da rigar Juma'arsa jiƙe sharkaf. Muka ɗaga tare muka wurgar.

Ƙarar da ruwan ya yi da ya faɗa tafkin, har in mutu ba zan manta ba.

Malam Sulayyim ya ce bai taɓa gajarta huɗuba kamar ta yau ba, kuma ko da bai gajarta ba babu wanda zai saurara, duk wuyansu na ƙofa. Gari duka ya zo ya kewaye tafkin cikin ruwa, ana kallo yana hawa. Ya wuce gindin tsagar. Ya wuce tsakiyarta. Kowa na jiran a ga ko zai tsiyaye. Gwaggo ta tsuguna ta kafa wa bangon ido kamar mai jiran ya yi mata rashin kunya. Bai yi ba. Kafin la'asar ruwa ya taɓa baƙin dutse, ya rufe shi, ya fara malala ta baki.

Mata suka rangaɗa guɗa. Dattijon nan mai ƙara ya nuna wani wuri a bango yana gaya wa kowa nan ne inda yake alwala, shi ya sa wurin ya fi ƙarfi. Gwaggo ta rungume ni, ta ce a kunnena, "Kwaɓinki dai har yanzu kunu ne." Na yi dariya na yi kuka a haɗe, ban damu da wanda ya gani ba.

Asabar, 6 ga Mayu, bayan asuba

Na je na duba. Ko yatsa ɗaya bai sauka ba. Ana hango gindinsa.

Lahadi, 7 ga Mayu, da hantsi

Na kwance buhuna, tukwane sun koma mazauninsu. Duwatsu sun fara kore-kore, awaki sun bazu ba mai kuka. Iskar kudu ta ɗan ƙara ƙarfi yau, tana kaɗa saman ruwan. Ta zo, ina nan.

Yaya ya ta da mota zai sauka, sai ya kashe, ya fito, ya je bakin tafki ya ɗebi ruwa da hannu ya sha. Ya tsaya yana sosa ƙeya, yana kallon ko'ina ban da fuskata.

"Mabruka, rijiyarmu ta ƙasa in iska ta yi nisa gishiri take yi, kin sani. Bara awakina biyar suka tafi. Na ce ko in hawo da sauran nan, su yi iskar a wurinki?"

Gwaggo ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu. Wannan tawa ce.

Na gyara mayafi, na dubi motar da aka share aka shimfiɗa wa igiyoyi don kwashe ni, na ce, "Yaya, ka tara mini shaidu tukuna. Zan yi shawara."